Hayar gidan masunta a gaɓar tekun Ingila: mako guda na dafa-da-kanka

Gidajen da ake ba da hayarsu da mako a ƙauyukan masunta na Ingila kusan zubinsu ɗaya. Ƙaramin gini ne na dutse, falo da kicin a ƙasa, ɗakin kwana biyu ko uku a bene, kuma da yawansu sun haura shekara 150 a tsaye. A yankin Cornwall za ka same su a jere a Polperro da Port Isaac da Mousehole, a gaɓar Yorkshire kuma akwai Staithes da Robin Hood's Bay. Da sana'ar su ta ja baya, sai gidajen suka riƙa komawa hannun masu ba 'yan hutu haya. Tsarin shi ne a ba ka gida sukutum, an shimfiɗa gadaje, an ajiye tawul, tukwane da kwanuka suna cikin kabad, amma daga ranar shiga har ranar fita ba mai dafa maka, ba mai yi maka shara, ba kuma wani ma'aikaci a bakin ƙofa da za ka ƙwala wa kira in ruwan zafi ya ɗauke.

Ga iyali mai mutum 4 zuwa 6 da za su yi mako cur, wannan ya fi otal nesa ba kusa ba. Kuɗin ɗakin otal biyu ko uku na kwana bakwai, haɗe da cin abinci a waje safe da rana da dare, ya kan zarce kuɗin gidan da cefanensa, ga shi yara suna da falon da za su baje. Sai dai abin da ke raba gardama tsakanin mako mai daɗi da makon da-na-sani abu huɗu ne: wurin ajiye mota, matakalar bene, ruwan zafi, da abin da ke ɗumama gidan. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya fitowa a hoton talla, wanda kullum jiragen ruwa da faɗuwar rana yake nunawa.

Tsarin biya ba shi da wuya. A lokacin zafi yawancin gidajen daga Juma'a zuwa Juma'a ake ba da su, ko Asabar zuwa Asabar. Shiga galibi ƙarfe 4 na yamma, fita ƙarfe 10 na safe, kuma da wuya a ɗaga maka ƙafa, domin awa 6 ɗin da ke tsakani ita ce ta masu shara da canza zannuwan gado, su kuma gidaje da yawa suke zagawa a wunin. Ana ba da kafin alƙalami kamar rubu'i zuwa sulusin kuɗin, a cika sauran mako 6 zuwa 8 kafin ranar zuwa. Wanda ya kama gida a ƙurarren lokaci duka zai biya nan take. Idan ta hannun kamfanin dillalai ka bi, akwai ɗan kuɗin rajista nasu a kai, wanda ba ya dawowa. Wasu masu gidan kuma suna riƙe jinginar ɓarna, fam 100 ko 200 haka, su sake ta bayan an duba gidan.

Akwai abin da mutane ke ganewa a makare. Dokar 2013 da ta ba mai sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki ba ta shafi masaukin da aka kama wa takamaiman rana ba. Da zarar ka biya, sharuɗɗan da ka amince da su ne kaɗai ke aiki, kuma mafi yawansu suna cewa in ka fasa bayan cika kuɗi, sai in an sami wani ya karɓi makon za ka ga wani abu. Saboda haka inshorar tafiya ranar da aka ba da kafin alƙalami ake yin ta, tun kafin rashin lafiya ko wani uzuri ya ɓullo.

Farashi yana bin hutun makaranta sau da ƙafa. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba gida ɗaya kan ninka kuɗinsa na Nuwamba ko Fabrairu, wani ma fiye da haka. Wanda yaransa ba su ɗaure shi da kalandar makaranta ba, mako na biyu ko na uku na Satumba ya fi masa komai: cunkoso ya watse, farashi ya sauko, ruwan teku kuma yana kusa da ƙololuwar ɗuminsa na shekara, digiri 16 ko 17 a Cornwall. Yuni ya fi tsawon yini, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, amma ruwan bai gama sakin sanyin hunturu ba.

A karanta talla da idon basira. In aka rubuta cewa ana ɗan hango teku, nufinsu sai ka hau ɗakin ƙarshe ka leƙa taga ka karkata wuya. In aka ce minti 5 zuwa bakin ruwa, lissafin gangara ne, dawowar ba a faɗe ta ba.

Maganar mota ita ce ta fi ba baƙi mamaki. An gina ƙauyukan nan a cikin kwazazzabo, tun kafin a san mota, lungunansu an auna su ne da faɗin jaki da kwandon kifi. A Polperro babban wurin fakin yana saman ƙauye, a Crumplehorn, daga can sai ka taka kamar minti 10 zuwa tashar jiragen. A Staithes da Robin Hood's Bay ma a kan tudu ake barin mota, tsohon ƙauyen yana can ƙasan gangara mai tsayin gaske. Wasu gidajen za ka iya kai mota kusa ka sauke kaya ka juya da ita, wasu kuwa ƙofarsu a lungun matakala take, ko keke ba ya shiga. Tambayar da za a yi wa mai gida kafin a biya ita ce: mita nawa ne daga inda mota za ta kwana zuwa ƙofa, matakala nawa ne a tsakani, kuma wurin fakin na gidan ne ko na kowa-da-kowa mai kuɗi. In na kowa ne, a tambaya ko ana sayar da tikitin mako, don ya fi na kullum-kullum sauƙi, a kuma sani cewa a Agusta wanda ya fita da mota da hantsi zai iya dawowa ya tarar ba wuri. Jaka mai goyo biyu ta fi babban akwati mai taya amfani a kan duwatsun lungun.

Makulli yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango, za a aiko maka da lambar kwana ɗaya ko biyu kafin zuwa. A rubuta ta a takarda ko a ɗauki hotonta tun daga gida, domin sabis ɗin waya kan mutu daidai lokacin da ka gangara cikin kwarin. Gishirin iskar teku yana sa lambobin su cije. A daidaita su tsaf a kan layi, a danna murfin ciki kaɗan, sannan a ja.

Cikin gidan kuma masu tsayi su yi hattara da goshinsu, don ƙofofi da gungumen rufi gajeru ne. Matakalar bene tana da tsayi da ƙunci, wata tana lanƙwasa ba abin riƙewa a gefe guda, kuma sau da yawa banɗaki ɗaya ne tak, a sama ko a ƙasa. Tsoho mai ciwon gwiwa da yaro mai rarrafe, su ne wannan irin gida bai yi wa adalci ba. Idan talla ya ce gidan na mutum 6 ne, a nemi ƙididdigar gadaje. Gadon mutum biyu na Ingila faɗinsa santimita 135 ne kawai, akwai ma ƙarami mai 120, babban shi ne mai 150. Mutum biyun ƙarshe na lissafin sau da yawa kujerar falo ce mai buɗewa ta zama gado, ko gado mai hawa biyu na yara. Gidan da aka ce na 6, a ɗauke shi na 4 ko 5 in manya ne zalla.

Ruwan zafi iri uku ne, kuma ya kamata ka san wanne ka samu tun daren farko. Na ɗaya tanki ne a cikin kabad ɗin bene, mai cin lita 120 zuwa 150. Cika bahon wanka sau ɗaya yana ɗauke kusan lita 80, to ka ga mutum na uku a layi ruwan sanyi zai tarar. Hitar lantarkin da ke cikin tankin mai kilowat 3 ce, kuma tana buƙatar awa 2 da rabi zuwa 3 kafin ta zafafa shi daga sanyi. Yawanci agogo ne ke kunna ta da asuba da yamma, amma akwai maɓallin ƙari na awa ɗaya ko biyu a jikin bango kusa da tankin ko a kicin. Maganin rigima shi ne a raba wanka, rabi da safe rabi da dare. Na biyu tukunyar gas ce ko ta mai, mai dafa ruwa yayin da yake wucewa. Ba ta ƙarewa, amma in wani ya buɗe famfon kicin, wanda ke wanka zai ji a jikinsa. Akwai agogon matsi a gabanta, allurarsa ta zauna tsakanin 1 da 1.5 idan tukunyar ta huce. In ta faɗi kusa da sifili tukunyar za ta ƙi tashi, kuma wannan aikin mai gida ne, a kira shi, kada a taɓa famfunan ƙarƙashinta. Na uku shawa ce mai hitar kanta. Ba ta aiki sai ka ja igiyar da ke reto daga rufin banɗaki, jan fitila ta kama. Da sanyi ruwanta siriri ne, saboda sai ta rage gudunsa take iya ɗumama shi, ba lalacewa ta yi ba.

Banɗakin kansa yana da tarko guda. Ƙasansa ba shi da magudana, katako ne a ƙarƙashin leda ko tayil, duk ruwan da ya zube ƙasa rufin falo zai nufa, kuma irin wannan tabon ne ke cinye jinginar ɓarna. Mai amfani da buta ya taho da abarsa, ba za a ajiye masa ba, ya kuma shimfiɗa tawul. In ka ja ruwan masai ka ji wani inji yana gurnani a bayansa, mai niƙawa ne ya tura cikin siririn bututu. Takardar banɗaki kaɗai yake iya haɗiyewa, ƙyallen goge jarirai guda ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Haka dokar take a gidajen gefen ƙauye masu rijiyar masai tasu.

Ɗumama gida ma ba iri ɗaya ba ne, domin ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba. Wanda ya fi rikita baƙo shi ne hitar bulo: akwati ne mai nauyi a jikin bango, yana shan wuta da daddare lokacin da lantarki ke araha, ya tara zafi a cikin bulo, ya riƙa sakinsa da rana. In ka iso ka tarar a kashe yake, ko ka kunna ba za ka ji ɗumi ba sai gobe da safe. Saboda haka mai zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu ya roƙi a kunna masa kwana ɗaya kafin isowa. Maɓalli biyu ne a kansa, ɗaya na yawan zafin da zai tara, ɗaya na yawan wanda zai saki. A bar na sakin a ƙasa da rana, a buɗe shi da magariba, in ba haka ba zafin zai ƙare a gidan da ba kowa, ku dawo ku tarar da shi kamar randa. A kuma tambaya ko kuɗin wuta da mai yana cikin haya. Yawanci yana ciki, amma akwai masu karanta mita.

Murhun itace na ƙarfe mai ƙofar gilashi shi ne abin da ya fi komai daɗi a irin gidan nan, da sharaɗin an iya hura shi. Kwando ɗaya na itace ake bari kyauta, na dare ɗaya ko biyu, sauran ka saya. A buɗe ƙofofin iskarsa duka, na sama da na ƙasa. A jera gungume biyu a ƙasa, ƙirare 8 ko 10 a gicciye a kansu, abin kunna wuta a can sama. Idan gidan ya kwana biyu ba a hura ba, bututun hayaƙi ya cika da iska mai sanyi mai nauyi, hayaƙi zai dawo falo. A fara ƙona dunƙulen jarida guda a ciki don bututun ya ɗumama ya fara ja. A bar ƙofar a ɗan buɗe minti 5, a rufe, bayan wuta ta kama sosai a rage iskar ƙasa. Kada a toshe iskar gaba ɗaya, gilashin zai yi baƙi, itacen ya riƙa turnuƙewa. Tun 2021 itacen da ake sayarwa a ƙananan buhuna a Ingila dole danshinsa ya kasance kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka, to a saya irin wannan. Itacen da teku ya turo bakin gaɓa kuwa a bar shi inda yake, komai bushewarsa, gishirin cikinsa yana cin ƙarfen murhu, hayaƙinsa kuma guba ne. Toka ta kwana a bokitin ƙarfe a waje.

Kafin a kunna komai, a zagaya da ido a ga na'urar jin hayaƙi a kowane bene, da ta jin iskar gawayi mai kisa a ɗakin da murhu ko tukunyar gas take. Doka ta wajabta a duba kayan gas na gidan haya duk shekara ta hannun ma'aikaci mai rajista, kuma tun 1 ga Oktoba 2023 dole mai gidan hutu a Ingila ya rubuta cikakken binciken haɗarin gobara na gidansa. Mai gidan kirki yana ajiye takardun a cikin fayil ɗin bayanan gida, wanda ya nemi gani ba a yi masa kallon mai tsegumi. A daren farko kuma a nemo akwatin fis da makullin ruwa, na biyun galibi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. In wuta ta ɗauke ku kaɗai, a zare komai daga soket, a ɗaga maɓallin da ya faɗi, a riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya har mai laifin ya nuna kansa. Sau da yawa butar lantarki ce ko abin gasa burodi.

Kicin ɗin ya wadatar ga girkin yau da kullum, ban da abu biyu da kusan ko'ina suke ba da haushi: wuƙaƙe dakusassu da tukunya mafi girma da ba ta wuce lita 3 ko 4 ba. Mai dafa wa mutum 6 ya sa wuƙarsa da babbar tukunya a mota, amma ya fara tambaya ko murhun mai maganaɗisu ne, don irinsa ba ya ɗumama tukunyar dalma. Murhun yana da jan maɓalli a bango da sai an kunna shi. Tanda da yawa ba sa tashi bayan ɗaukewar wuta sai an saita agogonsu, abin da kan sa baƙo ya ɗauka sun mutu. Abin da za a tarar na ci bai wuce shayi da ɗan madara da biskit ba, gishiri da mai ma ba tabbas. Shagon ƙauye ƙarami ne mai tsada, kuma da sanyi yana rufewa da wuri. Cefanen mako a babban kanti na garin ƙarshe kafin isowa ake yin sa, a tuna cewa ranar Lahadi manyan kantuna a Ingila awa 6 kawai doka ta ba su, galibi 10 zuwa 4.

Warin laima da ke tarbar mutum a ƙofa ba lallai alamar ƙazanta ba ne. Bangon dutse ne mai kauri ba rami a tsakiya, yana sanyi, tururin girki da wanka da numfashi ya kwanta a kansa. A buɗe taga minti 10 safe da yamma, a bar fankar banɗaki ta gama aikinta, kada a shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗakin kwana. Amma baƙin tabo a bayan gado ko katifa mai sanyin danshi, wannan sakaci ne, a ɗauki hoto a sanar a ranar farko, domin ƙorafin da aka kai bayan an koma gida ba ya haifar da komai. Wannan kaurin bangon ne kuma ke hana intanet ɗin gida hawa bene.

Sai fararen tsuntsayen teku. Daga Mayu zuwa Yuli suna sheƙa a kan rufi, kuma tun ƙarfe 4 na asuba suke fara ihu, ga gari ya waye kafin 5, labule kuma siriri. Dokar 1981 ta kare su da sheƙarsu, mai gida ba shi da ikon taɓa su. Abin toshe kunne ya fi ƙorafi amfani. Sun fi shirwa iya fizge abinci daga hannun yaro, kuma ledar shara da aka ajiye a waje ba murfi kafin hantsi sun baje ta a lungu. A duba ranar kwasar shara a fayil, a sa ta cikin kwando ko buhun da aka tanada.

Teku, wanda dominsa aka zo, yana da jadawalinsa. Yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kowace rana yana jinkirtawa da kamar minti 50. Ya fi tumbatsa da janyewa kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa, lokacin da bambancin kan wuce mita 6 a arewacin Cornwall. Ba da gudu ɗaya yake dawowa ba: awa ta farko a hankali, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin ruwan gaba ɗaya yake shigowa, wato mita 3 cikin awa 2. Nan ne masu zagaya ƙarƙashin dutse don neman kaguwa ke juyowa su ga hanya ta rufe. A Robin Hood's Bay, in ya cika, rairayin yana ɓacewa har ruwa ya taɓa gangaren ƙasan ƙauye. Wanda ya kama gida a Holy Island ta Northumberland kuwa, titin shiga kansa teku ke rufewa sau biyu a yini, jadawalin tsallakawa shi zai faɗa masa lokacin isowa, ba mai gida ba. Inda akwai masu ceto na RNLI, ƙungiyar ceton rai a teku, a yi iyo tsakanin tutoci masu ja da rawaya, jar tuta zalla kuwa ba a shiga. Ba kowace gaɓa ke da su ba, kuma na lokacin zafi ne. Lambar gaggawa 999 ce, a ce a haɗa ka da masu gadin gaɓa.

Gidan bai dace da mai kwana biyu kawai ba, domin kafin ka gane tanki da hita da shara lokacin tafiya ya yi, kuma kuɗin gajeren zama ba ya sauka daidai da kwanakin da aka rage. Mai son a gyara masa gado kullum ma otal ne nasa.

Ranar fita aikin awa ɗaya ne in an fara tun dare. A wanke kwanuka a mayar, a kwashe firji, a cire zannuwan gado in an buƙata, a fitar da shara, a mayar da duk kujerar da aka matsar. Kofin da ya fashe a rubuta a takarda a bari a kan tebur, masu gida ba sa cajin irin wannan, abin da aka ɓoye ne ke jawo magana. A ɗauki hoton kowane ɗaki, a mayar da makulli cikin akwatinsa a hautsina lambobin. Motar kuma a gangaro da ita kafin ƙarfe 9, domin da ƙarfe 10 rabin ƙauyen ne ke lodin kaya a lokaci guda, lungun kuma mota ɗaya yake ɗauka.